Ranar da Aka Cire wa Gimbiya Wuta

A asibitin nan kaf babu majinyacin da ake ji da shi kamar Gimbiya. Ɗakinta ita kaɗai, an shimfiɗa masa farin tayil, an sa wa tagar labule mai kauri don kada rana ta dame ta, ga na'urar sanyaya ɗaki tana yi mata fifita ba hutu. A kan rufin an jera mata faifan sola, a baya an gina wa baturanta ɗan ɗakinsu mai ƙofar ƙarfe. In aka ɗauke wuta a gari, ɗakin tiyata kan koma fitilar waya, ɗakin haihuwa ya koma addu'a, Gimbiya kuwa ko gezau.

Gimbiya firji ce. Doguwa, fara, mai faɗin ƙirji. A cikinta ake ajiye jinin yaran gari masu sikila, cikin 'yan mitsi-mitsin kwalabe, a sanyin da ƙanƙara ma sai ta nemi bargo. A jinin nan ake binciken ƙwayoyin gado, don a gano abin da ya sa ciwon ke kayar da wani yaro tun yana rarrafe, ya ƙyale wani har ya yi furfura. Aiki ne mai kyau, babu mai musu. Wata jami'a ce ta ƙasashen ƙetare ta kawo shi, ta hannun wata Baturiya mai yawan murmushi da ma'aikata ke kira Uwar Tallafi, aka damƙa shi ga Farfesa, shugaban sashen yara.

Mai kula da Gimbiya wani saurayi ne da ya yi digiri har biyu a ilimin ƙwayoyin gado, ya dawo da niyyar kawar da sikila daga doron ƙasa, aka miƙa masa tsumma da makulli. Safe da yamma yana duba sanyinta, yana share mata ƙura, yana kasa kunne ya ji ko numfashinta ya canza. Nas-nas suka ga ba ya rabuwa da ita, suka sa masa suna Ango, sunan kuma ya bi shi har wurin masu gadi.

Abu biyu ne a ɗakin Gimbiya da Farfesa ba ya gajiya da nuna wa baƙi. Na farko soket ɗinta, ja, guda ɗaya tak a bango, shi kaɗai wutar sola ke zuwa wa, in ban da na'urar sanyaya ɗakin da aka binne wayarta a bango. Da gangan aka yi shi ɗaya.

“In ka sa biyu,” in ji Farfesa, “gobe ka tarar da wayoyin ma'aikata a jere suna shan wutar bincike.”

Na biyu ƙararrawarta. Wuta na barin Gimbiya za ta fasa ihu, ta kuma kira wayar Farfesa da ta Uwar Tallafi da kanta, kiran da ke shiga ko an rufe wa waya baki. Tsallaken baranda kuwa, a ɗakin yara, akwai ƙararrawar kiran likita wadda ta mutu tun kafin a ɗauki Ango aiki. Ba a ce ba ta da amfani ba, a jikinta Sista, nas ɗin ɗakin, ke rataye jakarta.

Cikin kwalaben da ke cikin Gimbiya akwai ta 'yar yayar Ango, yarinya 'yar aji biyu, siririya mai surutun tsiya, wadda kowa ke kira 'Yar Firit. Shi da ƙafarsa ya je gidan Yaya ya roƙa a sa ta cikin binciken. Ya same ta a kan keken ɗinki, ya zauna ya zuba mata bayani irin na 'yan boko, har da zane a bayan kwali.

“Tsaya, Auta,” in ji Yaya, don ita har gobe autan gidansu take gani. “Magani za su ba ta?”

“Za su gano abin da zai kawo maganin.”

“Yaushe?”

“Nan gaba.”

“Nan gaba wace unguwa ce? A gaya mini in hau mashin in je in karɓo.”

Ya ce mata ko ba komai likitoci za su san yarinyar, manya-manya, ba sai an yi ta bin layi ba. Wannan ce ta shiga kunnenta. Aka ɗebi jinin 'Yar Firit, aka ba ta lemon kwali da wata riga mai rubutun Lafiya Ga Kowa, wadda ta sauko mata har gwiwa.

Ranar wata Asabar aka shirya gagarumin taron ƙara wa juna sani a babban otal na gari, mai taken yadda ilimin ƙwayoyin gado zai ceto yaran talakawa. Duk wani likita mai tumbi a asibitin ya tafi ceton. Uwar Tallafi ma ta sauka takanas. Ango dai ba a gayyace shi ba, an ce ba a barin Gimbiya ita kaɗai.

Rana ta take tsaka, yana zaune yana shan sanyin da ba don shi aka kunna ba, sai ya jiyo muryar Yaya a baranda tana kiran Auta, irin kiran da bai taɓa ji a bakinta ba. Ya fito ya tarar da ita rungume da 'Yar Firit, ɗankwalinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Yarinyar ta dafe ƙirji, tana jan numfashi guntu-guntu kamar mai shan abu mai zafi, leɓɓanta sun yi toka-toka. Surutun nan duk babu. Kawu kawai ta iya cewa, shi ma sai da ta raba shi biyu.

Ya san abin da yake gani, ai a kansa ya rubuta kundin digirinsa. Ciwon ya hau ƙirji. Irin wannan ba ya jiran Litinin.

Suka kwantar da ita a ɗakin yara. Tun safe babu wuta, fankoki sun yi tsaye cak, iyaye mata na ta fifita da kwalaye. Sista ita kaɗai ce a kan ɗaki guda cike da yara. Ta ɗora wa yarinyar ruwa a jijiya, ta ba ta abin da ke akwai na rage zafi, sannan ta buga tukunyar iskar oksijin da ɗan yatsa. Tukunyar ta amsa da ƙarar wofi.

“Tun shekaranjiya,” in ji Sista. “Na faɗa, an ce an ji.”

“Waccan fa?” Ango ya nuna wata na'ura a lungu, an lulluɓe ta da zanen gado. Na'urar tace iska ce, kyautar wasu bayin Allah, an yi bikin karɓarta har da masu ɗaukar hoto.

“Lafiyarta ƙalau. Wuta take ci. Kana da ita a aljihu?”

“Likita fa?”

“Guda ɗaya aka bar mana, yana ɗakin tiyata da mai naƙuda, ana haska masa da waya. In ya fito yanzu, biyu za a rasa.”

Ango ya kira Farfesa. Wayar ta yi ta ringi har ta gaji, sai ga saƙo ya shigo: ina cikin muhimmin taro. Ya sake kira, saƙon ya sake zuwa, da ladabinsa. Ya ruga bayan asibiti wurin mai janareto, ya same shi a inuwar injin yana yanke farce. Mutumin ya tausaya ƙwarai, har ya ajiye rezar. Amma doka ce, ba a tayar da inji sai rana ta faɗi, saboda mai. In ana son a karya doka sai da izinin shugaban mulki.

“Yana ina?”

“Yana wurin taron nan naku na ceton yara.”

Da ya dawo, Yaya na zaune a bakin gado ta riƙe ƙafar 'yarta tana murzawa. Ba ta kuka. Da kukan take yi da ya fi masa sauƙi.

“Auta, ina manyan likitocin da suka san ta?”

Ya sunkuya yana gyara wa yarinyar matashin kai.

“Jinin nan nata da kuka ɗiba, yana ina yanzu?”

“Yana can ciki, Yaya.”

“Da wuta a wurinsa?”

“Da wuta.”

“Da mai duba shi?”

“Ni ne mai duba shi.”

“To madalla,” in ji Yaya. “Shi ya yi dabara, ya fita da wuri. Wanda ya tsaya a jikinta ne wawa.”

Ango ya dubi ƙirjin yarinyar yana hawa da sauka kamar na ɗan tsuntsu, ya dubi tsallaken baranda inda ɗan koren hasken Gimbiya ke lumshe ido cikin kwanciyar hankali. Ya san in ba a buɗe ta ba, za ta riƙe sanyinta har dare ba abin da zai taɓa jinin. Ya kuma san wannan ba zai cece shi ba, domin a aikin nan cire wa Gimbiya wuta ya fi zagin mahaifin Farfesa girma. Aikin ne kuma ke riƙe da shi, shi ke sayen rabin magungunan 'Yar Firit ɗin ma.

Ya sunkuya ya ɗauki yarinyar. Ba ta fi nauyin jakar makaranta ba.

“Sista, turo na'urar nan. Yaya, riƙe ledar ruwan sama, kar ki bari ta sauko.”

Sista ta dube shi, ta dubi inda ya nufa, ta yaye zanen gadon. “Ango, sakin ta za ka yi?”

“Saki ɗaya ne, akwai kome. Turo.”

Suka shiga ɗakin da ko mai shara sai ya cire takalmi. Ya fara kashe na'urar sanyaya ɗaki, don sanyi abokin gabar mai sikila ne, ya shimfiɗa farar rigarsa a kan teburin aiki, ya kwantar da 'Yar Firit, Yaya ta rufa mata mayafi. Sannan ya durƙusa gaban jan soket ɗin, ya yi bisimilla, ya zare.

Gimbiya ta tsala ihu. Ƙiiit! Ƙiiit! Ƙiiit! Ihun wadda tun da aka haife ta ba a taɓa ce mata a'a ba. Ya cusa wayar na'urar iska a gurbin, na'urar ta yi tari, ta kama gurnani, ruwan ɗan kwalbarta ya fara tafasa da kumfa. Sista ta saƙala wa yarinyar robar a hanci. Suka tsaya su uku suna kallon leɓɓanta kamar masu jiran ganin wata.

Ba su daɗe a tsaye ba suka ji ƙarar birki a harabar asibiti, mota bayan mota. Abin da kira da saƙo da uwa mai takalmi ƙafa ɗaya suka kasa, Gimbiya ta yi shi da ihu uku. Farfesa ne a gaba, da gudu, babbar riga na tashi, katin taro na lilo a wuyansa, tsinken sakace a baki. Bayansa Uwar Tallafi, murmushin ya faɗi a hanya. Bayanta likitoci masu tumbi, wasu da 'yan jakunkunan taro, har da shugaban mulki yana haki. Rabon da a ga manyan likitoci da yawa haka a barandar yara tun ranar bikin karɓar na'ura.

Farfesa ya faɗo ɗakin. Idonsa ya fara sauka a kan lambar sanyin Gimbiya. Daga nan ya gangara kan soket. Daga soket ya bi baƙar wayar a hankali, ya haura tebur, sai a nan ya ga akwai mutum.

“Wane mahaukaci ne ya yi wannan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe,” in ji Ango. Ya matsa ya tsaya tsakanin Farfesa da bango.

“Ka san abin da ke cikin firjin nan? Ka san shekarun da aka yi ana tara shi? Wace ce wannan?”

“Tana cikin binciken, ranka ya daɗe. Jininta na ciki, a hawa na biyu. Ragowar ce na kawo.”

Wani daga baya ya yi dariya, ya maishe ta tari. Uwar Tallafi ta tambayi abin da aka ce, aka fassara mata, fuskarta ta yi ja har kunne. Farfesa ya miƙa hannu wajen soket. Ango bai kauce ba. Yaya kuwa, wadda ba ta taɓa tsayawa gaban farfesa ba a rayuwarta, ta ce daga inda take riƙe da ledar ruwa:

“Likita, in za ka cire, ka dube ta tukuna. Ka cire kana kallon ta.”

Ya dube ta. A nan ne abin ya ɓaci wa taron ceton yara, domin kafin ya zama mai yawon otal-otal, Farfesa likitan yara ne na gaske, hannunsa kuma bai manta ba ko da shi ya manta. Ya tofar da tsinken, ya fizge abin sauraren ƙirji daga wuyan Sista, ya ɗora a bayan yarinyar. Ya ja fatar idonta ƙasa. Fuskarsa ta canza.

“Tun yaushe take haka? Me ya sa ba a kira ni ba?”

Sista ta buɗe baki, ta tuna tana da 'ya'ya, ta rufe.

“Jini za a ƙara mata, yanzu-yanzu. Kai, je ka ɗakin jini ka ce ni na ce. Kai kuma kawo allurar kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin, ba wadda ake raba wa kowa ran Litinin ba.” Likitoci masu tumbi suka watse da gudu kamar ɗalibai. Ya juyo kan Ango, ya nuna Gimbiya. “Wannan za ta kai yaushe ba wuta?”

“Har dare, in ba a buɗe ta ba.”

“Ba zan yi caca da ita ba.” Ya waiga ya hango shugaban mulki. “A tayar da janareto. Samfuran bincike na cikin haɗari.”

Kafin a ce kwabo, inji ya yi gyaran murya a bayan asibiti. Man da babu shi ya samu. Fankokin ɗakin yara suka juya, iyaye suka ajiye kwalaye suna salati. A ɗakin tiyata fitila ta kama a kan ɗan likitan da ke ɗinke mai jego, har ya ɗaga kai ya tambaya ko wani babba ne ya zo ziyara. Aka jawo wa Gimbiya wuta daga baranda, ta yi shiru, ta koma lumshe idonta. Asibiti guda ya sha haske da rana tsaka albarkacin firji.

Wajen la'asar, jini na sauka a jijiyarta, leɓɓan 'Yar Firit suka fara komawa kalar leɓe. Ta buɗe ido, ta ƙare wa ɗakin kallo, tayil da labule da farar Gimbiya.

“Kawu,” ta ce a hankali, “nan ne ɗakin masu kuɗi?”

“Nan ne ɗakin jininki.”

“To ni a bar ni a nan.”

A nan ne Yaya ta saki kukan da ta riƙe tun rana, tana yi tana dukan kafaɗar Auta.

Ranar Litinin kwamiti ya zauna. An yi shayi, an yi jawabai. Uwar Tallafi, wadda har ga Allah ta yi hawaye ranar Asabar, ta ce abin ya taɓa mata zuciya, za ta duba ko a zagaye na gaba na tallafi za a iya sa batun iskar oksijin, sai dai kuɗin bincike ba a taɓa su don jinya, ƙa'ida ce, ba ita ta kafa ba. Ta kuma yaba da saurin da tawaga ta yi wajen amsa kiran ƙararrawa, ta ce za ta ba da misali da shi a taron duniya. Aka tafa.

Sannan aka zo kan darasin da aka koya. Kwamiti ya yi nazari mai zurfi, ya gano ainihin matsalar: soket ɗin a buɗe yake. Washegari aka kawo mai walda ya ƙera masa keji na ƙarfe, aka sa kwaɗo, makullin ya koma aljihun Farfesa. Ƙararrawar ɗakin yara kuwa an ce a kafa ƙaramin kwamiti.

Ango aka gode masa bisa gudummawar da ya bayar, aka karɓi tsumma da makulli. Farfesa ya kira shi gefe ya ce kada ya ɗauka da zafi, shi ma da 'yarsa ce abin da zai yi ke nan, amma dole a nuna wa masu tallafi cewa akwai tsari.

“Na gane, ranka ya daɗe,” in ji Ango. “A gaida Gimbiya. A ce mata ban yi kome ba.”

Ya tsallaka baranda ya shiga ɗakin yara, yau a matsayin ɗan dubiya. An sake ɗauke wuta. 'Yar Firit na zaune a kan gado cikin rigarta ta Lafiya Ga Kowa, surutu ya dawo har da riba, ta tara yaran gadajen kusa tana ba su labari.

“Ku ba ku iya ba ne,” take ce musu. “In kuka yi wayyo Mama, ba mai zuwa. Ba haka ake kiran likita ba. Ku ji yadda ake yi.” Ta cika ƙirjin da aka sha wahalar cetowa da iska. “Ƙiiit! Ƙiiit! Ƙiiit!”

“Ke, rufa mana asiri,” in ji Yaya, tana danne dariya. “An kori kawunki, so kike a kore mu?”

Ina, yara sun samu abin yi. Na gadon kusa ya ɗauka, mai karyayyen hannu ya karɓa, har wata da ko zama ba ta iya yi ta sa nata siririn. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, ƙiiit, ƙiiit, Sista ta dafe cikinta ta jingina da bango.

Sai ga ƙarar takalmi a baranda. Farfesa ne, da gudu, yana lalubar makulli a aljihu. Ya wuce ƙofar ɗakin yara ko waiwaye babu, ya faɗa ɗakin Gimbiya.

'Yar Firit ta dubi kawunta, ta ɗaga gira.

“Ka gani? Ya ji. Ƙofar ce kawai bai gane ba.”